Ɗan Abin Daɗi A Cikin Burgami: Nasiha Ga Samarin Farauta

 Ga shi an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, na kuma san kunnuwanku suna wajen mai gangi. Kowa ya wasa barandaminsa, ya gyara gorarsa, ya duba ƙafafun karnukansa. Amma in aka ce a buɗe burgami a ga guzuri, sai a tarar da garin kwaki da ƙullin gishiri, shi ke nan. In an tambaya, sai yaro ya ce namiji ba ya shiga daji da kayan maƙulashe, ai nama na can yana jira. A kan wannan nake so mu ɗan zauna.

Nama ba ya jiran kowa. Dajin da kakanninku suka sani, wanda ake fita da hantsi a dawo da gada kafin la'asar, gonaki sun cinye mafi yawansa. Yau sai kun cika mota kun yi tafiya mai nisa, kun kwana kun kuma kwana, sannan ku haɗu da zomaye da zabin daji da gafiya, wataƙila da damo. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ba a ce duk wanda ya ci gudu zai ci zomo ba. Akwai ranar da za ku wuni kuna keta ƙaya, rana ta faɗi babu ko kurege a rataye. A wannan daren, abin da ka ɗauko daga gida shi ne tuwonka, shi ne miyarka.

Ko an yi sa'a an samu, naman daji ba shi da kitse. Dabbar da kullum take gudun ceton rai, ga shi tsakiyar rani, tsoka ce zalla. Ka gasa zomo ka cinye kai kaɗai, kafin dare ya raba cikinka ya fara kuka. Mafarautan arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, sun daɗe da sanin cewa wanda ya dogara da naman zomo kaɗai na tsawon kwanaki, ba mai ba tsaba, gudawa da kasala za su kama shi, yana ci yana ramewa. Masana abinci sun auna sun ga dalili: giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, giram ɗaya na sukari ko tsaba ko furotin kuwa 4 kawai. Giram 100 na gyaɗa ko riɗi ya haura kalori 550, na garin kwaki bai kai 400 ba. Ashe abin da kuke rainawa kuna ce masa kayan mata da yara, shi ya fi ba da ƙarfi, shi ya fi sauƙi a kafaɗa.

Abin da ya fi ƙarfin jiki damuna shi ne hankali. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku lura da lokacin da rigima ta fi tashi a farauta: rana ta karkata, kowa ya galabaita, karnuka biyu suka faɗa wa zomo ɗaya, wannan ya ce gorarsa ce ta fara sauka, wancan ya ce karensa ne ya tayar. A kan naman da bai cika tukunya ba sai a zare makami, abokai su koma gida da jini da gaba. Mai jin yunwa shi ke harbi da jin motsin ganye tun bai ga abin da ke ciki ba. Shi ke faɗawa gonar rogon wani, shi ke kashe gada mai ciki, shi ke mayar wa makiyayi baƙar magana. Dabino biyar da ɗan kantu a daidai lokacin da ido ya fara rufewa sun hana masifar da kuɗi masu yawa ba sa gyara ta.

Kada kuma wani ya fake da tawakkali. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna tafiya aikin hajji ba guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun isa Makka kuma sai su koma roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri da ke aya ta 197 a Suratul Baƙara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira a shekara ta 622, sai da aka shirya masa guzuri a gidan Sayyidina Abubakar, 'yarsa Nana Asma'u ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure shi. Wa ya fi shi tawakkali?

To, kafin ka sa abu a burgami, yi masa tambaya uku. Zai jure rana da ƙura? Ƙarfin da zai ba ka ya biya nauyinsa? Zai rabu tsakanin mutane? Duk abin da ya amsa ukun nan, ɗauke shi ba kunya.

Sarkin guzuri dai kilishi ne. Za ku yi dariya ku ce ina dalilin kai nama daji, amma ai bayani ya gabata. Kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyen nama ruwa ne. Mai kilishi ya fere shi falle-falle, ya shanya rana ta shanye ruwan, ya tsoma shi a labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, ya sake shanyawa, sannan ya nuna masa wuta. Abin da ya rage nama ne da gyaɗa, ba nauyi, ba saurin lalacewa. Mutanen Agadasawa a Kano da na Madawa a Nijar ba a banza suka yi suna a kansa ba. Ku zaɓi busasshe ƙayau mai karyewa, ku bar mai taushi, domin shi ke saurin yin fumfuna. A naɗe shi a takarda, kada a kulle shi a leda ya yi gumi. Sai dai kilishi yana kiran ruwa, saboda haka ku bar shi sai an sauka zango da yamma, kusa da inda ruwa yake. Ƙaninsa dambun nama ne. In an soya shi ya soyu sosai har ya daina kumfa, zai yi kwanaki lafiya lau, kuma cokali biyu a kan kwaɗon gari sun mai da abincin dole ya koma abin marmari.

Na biyu, soyayyen man shanu a 'yar kwalba mai murfi, da yaji mai ƙuli-ƙuli. Man shanun da aka soya da albasa har ruwansa ya ƙone ba ya buƙatar firji. Zabon daji yana da ƙanshi amma yana da tauri da bushewa. Shafa masa man shanu yana kan wuta, barbaɗa yaji, za ka ga bambanci a baki, gobe kuma ka ji bambanci a gwiwa. Ko babu nama, man shanu da yaji a kan dafaffen wake ko shinkafa sun isa kwanan daɗi. Wanda bai samu man shanu ba, man gyaɗa ya wadatar.

Sai kayan zaƙi na gida, waɗanda kuka fi jin nauyin ɗauka don kada a ce kun kwaso garar amarya. Ku tambayi iyayenku mata dalilin da ya sa nakiya take cikin gara. Garin shinkafa ne da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙanshi, aka tuƙa aka daka har ruwa ya ƙare a cikinta. Takan yi watanni ba ta canza ba, ana ma cewa tana ƙara daɗi in ta kwana biyu. Dunƙule ɗaya da safe ya riƙe mutum har azahar. Alkaki ma haka, sai dai a bar shi ya tsane sosai daga zuma kafin a ƙulle, in ba haka ba burgami zai yi danƙo. Dakuwa tana da aya da gyaɗa da ɗan yaji-yaji, ba ta narkewa, ana cinta ana tafiya. Kantun riɗi kuwa babu kamarsa a araha da ƙarfi, ga riɗi ko'ina a Jigawa, kasuwar Maigatari shaida ce. Mazarƙwaila irin ta ƙasar Maƙarfi ta fi farin sukari dacewa da daji: dunƙule ce, ba ta zubewa, a gutsura a tsotsa ko a jefa a shayi. Zuma a ɗauko ta daga gida a ƙaramar roba. Kada ku ce za ku ɗiba a kogon itace, domin wutar da ake kunna wa ƙudan zuma ta sha zama gobarar daji.

Akwai darasi a wurin Buzaye masu ayarin gishiri. Sukan tashi daga Abzin su keta hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin rairayi, sau da yawa ba sa tsayawa girki da rana. Abin da ke riƙe su shi ne dakakken gero da dabino da cuku, a dama da ruwa a sha ana tafiya. Ga tsaba, ga zaƙi, ga maiƙon nono, a ƙwarya guda. Ku ma za ku iya. Furar da aka cura ba ta jure kwanaki, tsami take yi. Amma busasshiyar fura ko gumba, da madarar gari, da dabino da aka cire wa ƙwallo aka daka, za su kai ku su dawo da ku. Cuku na zuwa daga wajen Tawa da Abalak da Dakoro, siriri ne busasshe, yana shiga aljihu. Dabino kuwa shi ne abincin tsakar rana: ba ya son wuta, ba ya son kwano, zaƙinsa na saurin isa jiki. Busasshe za ku saya, ku riƙa ɓarewa kuna dubawa kafin ku kai baki, saboda tsutsa.

Kada ku raina shayi. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a ƙasar Hausa kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma wanda ya kwana a fili ya san yadda asuba take shiga ƙashi. 'Yar buta, ganyen shayi, citta, kanumfari da madarar gari ba su da wani nauyi. Kofi ɗaya mai zafi bayan sallar asuba yana sake yatsun da za su riƙe makami. Da dare kuma shi ke tara mutane a bakin wuta, a yi hira, a yi kirari, wanda aka ɓata wa rai da rana ya huce. Ga wata fa'ida: mai son shayi dole ya tafasa ruwa, ruwan tafki da na kududdufin rani kuwa tafasawa yake so. Goro shi ma a ɗauka, a naɗe shi da ɗan danshi kada ya bushe. Yana taimakon wanda zai kwana a bago ido biyu. Amma ku sani goro ba abinci ba ne, rufe bakin yunwa kawai yake yi. Wanda ya wuni a kan goro zai ji hannunsa na rawa lokacin da yake son ya tsaya cik.

Abin da za a bari a gida ma yana da yawa. Cakulan narkewa yake yi, a watan Maris da Afrilu rana kan haura digiri 40. Burodi ya cika wuri, kwana biyu ya yi fumfuna. Tsire da balangu da ƙosai na ranar farko ne, kada su kwana. Lemon kwalba nauyi ne, ƙishirwa kuma yake ƙarawa in ya yi zafi. Kifin gwangwani yana da daɗi a kwaɗo, guda ɗaya ko biyu ba laifi, amma wanda ya buɗe gwangwani ya komo da shi gida, domin bakinsa na yanka ƙafar kare da ta saniya. Leda ma haka, dabbar makiyayi ta haɗiye ta ta zauna mata a tumbi.

Akwai kuma abin da ba na so in gani a burgamin ɗana ko ɗan maƙwabcina: ƙwaya. Na ji ana cewa tiramadol na hana gajiya. Gajiyar tana nan, jinta ne aka toshe, mutum ya yi ta tafiya da ƙaya a ƙafa da ƙishirwa a jiki bai sani ba, har ya yanke jiki ya faɗi. Tun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Makami a hannu, maye a kai, wannan ba jarumta ba ce. Kuɗin ƙwaya ya sayi dabino da kantu har da canji.

Sukari da gishiri kuwa magani ne, ku ware musu ƙulli dabam. In gudawa ta kama wani, ko rana ta buge shi, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Wannan haɗin ne ma'aikatan lafiya suke koyarwa, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Wanda ya fi samun hali ya sayi na sacet a kemis. In abin ya ƙi sauƙi, farauta ta ƙare, a nemi asibiti.

Ajiya ma ilimi ce. Zaƙi na kiran kiyashi, gari na kiran ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin farautarku. A sa komai a abu mai murfi, a rataye a reshe da dare. Gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ko ɗaci a zubar, gubar da ke cikinsa hanta take ci, wuta kuma ba ta kashe ta.

Yanzu ga inda tarbiyya take. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, gaskiya ne. Ban ce ku ɗauki abin daɗi don ku cinye a mota kafin a isa ba. A raba shi kwana-kwana tun daga gida, kowace rana da ƙullinta. A ware ƙulli ɗaya da ba a taɓawa, na ranar da mota ta lalace, ko aka ɓata hanya, ko wani ya ji ciwo aka ƙara kwana. Kada kuma a ci a ɓoye. Wanda ya juya baya yana tauna kilishi alhali na kusa da shi na haɗiyar yawu, ya zubar da girmansa, kuma daji ba ya ɓoye hali. Manzon Allah ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ar saboda in guzurinsu ya yi ƙasa a wurin yaƙi, sukan tara abin da ya rage a mayafi guda, su raba daidai da mudu ɗaya. Ku yi koyi da su. Ku danƙa wa uban tafiya, ya fara da ƙaramin cikinku, wanda wannan ne fitarsa ta farko, da wanda bai samu komai ba ranar.

Ku ware na gaisuwa. Dajin da kuke shiga yana da masu shi: akwai mai gari, akwai sarkin dawa, akwai rugar Fulani. Sallama da goro da ƙullin sukari da ganyen shayi sun buɗe ƙofar da barandami ba ya buɗewa. Su za su nuna muku rijiya, su gaya muku inda shanu suke don karnuka su kauce, su kuma faɗa muku sashen da ba a shiga. A zamanin nan da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka irin su Rugu da na ƙasar Birnin Gwari, wannan labarin ya fi kowane nama tsada. In sun ce kada ku shiga, ku juya. Haka wuraren da hukuma ta killace, irin su Yankari da aka keɓe tun 1956, da Falgore, da Gashaka-Gumti, ba wurin farauta ba ne. Mai guzuri a jaka ba shi da hujjar yunwa da za ta sa ya taka doka.

Karnukanku ma 'yan tafiya ne. Su suka fi kowa gudu, su ake mantawa. A ɗaukar musu ƙanzo ko busasshen tuwo a jiƙa musu da romo, a ba su ruwa kafin ku sha shayinku. Kada a ba su cakulan ko abin da albasa ta yi wa yawa, yana cutar da su. In za a tashi daga zango, a kashe wuta da ƙasa har sai an sa hannu an ji ta huce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nakiya da dambu da dakuwa suna son kwanaki kafin fita, kuma hannun wata ne zai yi su, mahaifiya ko gwaggo ko matar gida. Ku ba da kuɗin kayan haɗi da wuri, ku roƙa da ladabi. Kada guzurinku ya fito daga abincin yara, sai an bar wa gida abin da zai ishe shi sannan mai fita ya ɗauki nasa. In Allah ya ba da sa'a, cinyar farko ta wadda ta daka muku nakiya ce. In bai bayar ba, ku dawo da fara'a, ku gode mata, domin lafiyar da kuka dawo da ita akwai hannunta a ciki.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya tsare ku daga mugun ji da mugun gani, ya kiyaye hannuwanku daga jinin ɗan'uwa, ya sa abin da za ku samo ya zama halal mai albarka. Amin.